Rantsuwata da Wankan Jegon Auta

Ni mace ce mai baki, wannan ba sai an gaya mini ba. Tun muna yara a ƙauyenmu can kudancin Kaduna, in aka ji hayaniya a rafi ba a tambayar wace ce. Da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nguru, a farkon shekarun tamanin, na tattara yara uku da tukwanena da bakin nan nawa muka hau jirgi har inda layin dogo ya ƙare. Na taho da ƙanwata kuma, autar gidanmu. Iyayenmu sun rasu tana 'yar shekara tara, ni na riƙe ta, ni na yi mata kitso, ni na sa ta makaranta. Auta nake ce mata, ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, sai Yaya.

Mu Kiristocin Nguru ba mu da yawa, kuma kusan dukanmu baƙi ne: ma'aikatan jirgi, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, sai 'yan kasuwa daga kudu. Kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. A zumuntar mata ni ce mai ba da waƙa, sauran su amsa. In na ɗaura ankon zumunta na kafa ɗaurin ɗankwali, mai kaɗa tulu ta fara, ina jin ko a sama an san da zamana. Da a lokacin wani ya tambaye ni ko na yi girma cikin bangaskiya, da na tambaye shi ko ba shi da ido ne. Amma Littafi Mai Tsarkina a cikin akwatin zannuwa yake kwana daga Litinin zuwa Asabar, ban da ranar Alhamis ta taron mata. Har warin kafur yake yi.

Auta ta gama makarantar horon malamai, aka tura ta koyarwa Gashuwa. Bayan shekara biyu ta zo mini wata ranar Asabar, ta zauna a bakin tabarma tana wasa da yatsunta. Ta ce akwai wani malamin gona, mutumin Bade daga unguwar Katuzu a can Gashuwa, za ta aure shi. Ta ce kuma ta musulunta, babu wanda ya matsa mata, ita ta ga dama. Ta faɗa a hankali, ta kuma dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Abin da na gaya mata ranar ba zai rubutu ba. Na wurga mata jakarta waje, na ce kada ta sake tako mini gida. Na yi baƙin ciki ƙwarai, don na gaskata abin da na gaskata, kuma har yau ina kansa. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi ƙona ni shi ne kunya. Ni da nake gaba-gaba a majami'a, a ce daga ɗakina aka fita!

Ranar Alhamis da mata suka taru, ban jira kowa ya fara yi mini kallon tausayi ba. Na miƙe, na ɗaga Littafi Mai Tsarki sama, na ce ku shaida, muddin Auta ba ta dawo ba, ƙafata ba za ta taka ƙofar gidanta ba, bakina kuma ba zai taɓa abin da aka dafa a gidan ba. Wasu suka ce amin da ƙarfi. Na koma gida ina jin kaina wata jarumar bangaskiya. Aka yi bikinta a Katuzu, ko tsinke ban aika ba.

Uwar zumuntarmu wata dattijuwa ce, tsohuwar ungozomar asibiti, mai tafiya a hankali da magana a hankali. Bayan wata biyu da rantsuwar ta same ni ina wanki. A wata biyun nan babu wanda ban gaya wa labarin Auta ba, har mai sayar mini da itace. Ta zauna ta bar ni na sake zubo shi daga farko, sannan ta ce, “'Yata, kin gaya wa Allah kuwa?”

Na ce, “Mama, ai a majami'a na faɗa, kina wurin.”

Ta ce, “Mu kika gaya wa. Shi nake tambaya. Mijinki ya gaji da ji, mata sun gaji, ni ma ga shi na gaji. Kowace safiya, kafin ki hura wuta, ɗauki littafinki ki karanta ko kaɗan ne, sannan ki gaya masa duk abin da kike gaya mana. Kada ki rage komai.”

Na ji haushinta, amma na fara, don a zatona na sami inda za a saurare ni ba a katse ni ba. Ba mu da agogo mai ƙararrawa. Ladanin masallacin unguwarmu ne yake tashe ni, abin da ya riƙa ba ni haushi a kwanakin farko, ga shi kuwa bai taɓa makara ba. Sai in ɗauki fitilar ƙwai in zagaya bayan madafa, in kife turmi in zauna a kai.

Abin da na yi a watannin farko ba addu'a ba ce, ƙara ce nake kaiwa. Ina karanta 'yan layuka da sauri don in sauke nauyi, sannan in buɗe shari'a. In lissafa wa Allah wahalar da na sha a kan yarinyar nan, da zanen da na hana kaina don ta sa takalmi, da ciwon da ta yi na kwana a kanta. In roƙe shi ya hana ta sukuni har sai ta dawo. Har shawara nake ba shi a kan yadda zai yi, wai ko bai san hanya ba.

Ita ƙara tana da iyaka. In kana kai wa mutum ɗaya magana ɗaya kowace safiya, wata rana kai da kanka za ka ji ta gundure ka. Sai na tarar na gama lissafin da wuri, gari bai waye ba, ba ni da abin cewa. Na fara zama shiru. Na fara karatun a hankali, tunda babu abin da nake sauri in kai gare shi. Na ɗauki labarin Mai Ceto a cikin Littafi Mai Tsarki daga farko ina bi kaɗan-kaɗan, abin da ban taɓa yi ba duk da waƙoƙin da na haddace a kansa. Wani abu ya riƙa tsaya mini a wuya: yawancin gidajen da ya shiga ya ci abinci na mutanen da ake ƙyama ne, ni da a lokacin nake, da ban shiga ba, da ma ina cikin masu tsayawa a waje suna gunaguni.

Kada wani ya ɗauka kullum daɗi nake ji. Akwai safiyar da na yi gyangyaɗi har na kusa faɗowa daga kan turmin. Akwai makon da yara suka yi ƙyanda ban zauna ko sau ɗaya ba. Sau da yawa na tashi ban ji komai ba sai cizon sauro. Amma nakan koma, kuma ban taɓa komawa na ji an kore ni ba.

A shekarar da aka canza kuɗi, ruwan sama ya yi rowa, kogi bai cika ba, gero ya yi tsada har mutanen ƙauye suka riƙa shigowa Nguru neman abin sa wa a baki. Wata safiya ina zaune, sai na ji bakina ya ce, “Ya Ubangiji, ko tana samun abinci?” Na ji haushin kaina, na ce ba abin da na zo yi ke nan ba. Kashegari maganar ta sake fitowa. Kafin wata ya ƙare na daina roƙon a hana ta sukuni, ban ma san ranar da na daina ba. Ina roƙon ta dawo, wannan ban fasa ba, amma ina roƙon a ba ta lafiya, a sa mijinta ya riƙe ta da kyau.

Maigidana ne ya fara lura da wani abu. Wata rana na dawo daga famfo, wata mata ta ture mini bokiti daga layi, na ɗauka na koma baya ban ce uffan ba. Labari ya riga ni isa gida. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Maman yara, ko in kai ki asibiti ne?” Na ce ya kiyaye ni, bakin yana nan, hutu kawai yake yi. Gaskiyar ita ce na riga na zubar da zafin tun da asuba, abin da ya rage bai kai na faɗa ba.

Shekara biyu da wani abu ina wannan zama, sai ga wasiƙa. Wata mai sayar da bandar kifi da ke zuwa kasuwar Nguru daga Gashuwa ce ta kawo. Rubutun Auta ne, ni na koya mata riƙe fensir, ba zan kasa gane shi ba. Ta ce cikinta ya shiga wata takwas. Ta ce ta san haihuwar fari a gaban uwa ake yi, uwa ce ke dafa ruwa ta yi wa 'yarta wankan jego har kwana arba'in. Ta ce damina ta ɓata hanya, an hana ta hawa mota, kuma ko da ba a hana ba ta san na ce kada ta tako gidana. A ƙarshe ta rubuta: “Yaya, ba ni da uwa sai ke.”

Na kai wasiƙar bayan madafa, na shimfiɗa ta a cinyata. Ina so in je, wannan babu ko shakka. Amma ga rantsuwa. A wurinmu ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ɗaga Littafi Mai Tsarki a cikin majami'a a gaban shaidu. Mun tashi muna jin cewa wanda ya karya irin wannan, a kan 'ya'yansa abin yake sauka. Na gaskata da zuciya ɗaya cewa in na je na ci amanar Allah, in na zauna kuma na yi masa biyayya.

Sai na shiga neman dabara. Na ce ai ƙofar gidanta na ce, to in aka fito da ita gidan maƙwabta fa, in yi mata wankan a can? Na ce ai ƙafata na ce ba za ta taka ba, to in na tsallake dokin ƙofar ban taka ba fa? Abinci kuwa sai in tafi da garina da tukunyata. Mako uku ina kawo wa Allah irin waɗannan, kowace safiya da sabuwa. Na je wurin uwar zumunta ta yanke mini, ta ƙi. Ta ce, “Ni ba ni kika rantse wa ba. Wanda kika ce kin rantse wa, tambaye shi ko ya karɓa.”

Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Wata safiya ce kawai na buɗe baki zan kawo wata dabarar, sai kunya ta rufe ni. In ka daɗe kana zama da wani kullum, kana sanin abin da yake so ba sai ya faɗa ba, kamar yadda na san yawan gishirin da maigidana ke so a miya. Shekara biyu ina zama gaban Ubangiji, na san shi fiye da ranar da na yi rantsuwar. Na san ba zai ji daɗi ba a bar marainiya ta haihu ba kowa nata, wai don girmama shi. Na kuma ga abin da na daɗe ina kauce wa gani: ranar nan ba don shi na ɗaga littafin ba, don mata ne, don kada a ce mai ba da waƙa ta kasa riƙe gidanta. Na ɗauki sunansa na rufe kunyata da shi. Rantsuwar ita ce zunubin. Na sauko daga kan turmin na durƙusa a ƙasa, na roƙi gafara, na kuwa tashi da tabbacin an yi mini.

Da a ce ranar na hau mota, da labarin ya fi haka daɗi. Ranar Asabar mai kifi ta aiko cewa Auta ta sauka tun Laraba, mace, suna kuma Laraba mai zuwa. Maigidana ya ce, “Ki shirya ki tafi gobe.” Na ce a'a, maganar da aka yi a gaban jama'a a gaban jama'a ake janye ta, sai na tsaya gaban mata tukuna. Ya ce, “In kin dawo kya gaya musu, ai ba gudu za su yi ba.” Na ƙi. Maganata tana da gaskiya a ciki, amma akwai jan ƙafa a ƙarƙashinta. Ranar Lahadi na sami dama, bayan sujada mata duk suna nan. Na duba na ga maza ba su watse ba, na ji nauyin idonsu, na ce bari sai Alhamis, ranar taronmu mu kaɗai. Na san sarai Alhamis tana bayan Laraba.

Ranar Alhamis na miƙe a daidai inda na tsaya a da. Na ce, “Ku kuka shaida rantsuwata, ku shaida na janye ta. Fushina ne da girman kaina, na laƙa wa Allah. Na roƙe shi gafara, ku ma ku yafe mini. Gobe zan tafi Gashuwa in yi wa ƙanwata wanka.” Wadda ta fi kowa ɗaga murya da amin a wancan karon ta kau da kai, ta kuma yi wata uku ba ta gaishe ni ba. Uwar zumunta kuwa, da aka tashi ta kama hannuna ta ce in tafi da kanwa mai kyau, kuma kada in cika zafin ruwan.

Juma'a da sassafe na hau akori-kura da ƙullin gero da kanwa da yaji da citta da zannuwa biyu. Kusa da Jajimaji motar ta kafe a laka, muka sauka muka tura, na isa Gashuwa da la'asar ƙafafuna kamar na kwaɓa ƙasar gini. Na yi tambaya har Katuzu, aka nuna mini gidan. A ƙofar gida ga duwatsun murhu da toka, ga manyan tukwanen aro an kife ba a mayar ba, ga fatar rago an shanya. Duk abin da ya nuna an yi taro an watse yana nan.

Wata 'yar tsohuwa ta fito tana dafe da ƙugu, surukar Auta ke nan. Ita ta yi kwana tara tana ɗaga ruwan zafi da wannan bayan nata. Ta dube ni, ta ga kama, ta ce, “Lale, lale! Kai ne yayan? Shigo, shigo, ka sha hanya.” Hausarta irin ta tsofaffin wurin ce, mace da namiji duk kai ne. Ba ta tambaye ni me ya hana ni zuwa ba, abin da ya fi mari zafi. Na taka dokin ƙofar da ƙafata ta dama, da gangan, na shiga.

Auta tana zaune a bakin gado da jaririya a hannu. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce, “Yaya.” Ni da ake cewa ba a rufe mini baki, na nemi magana na rasa. Na durƙusa a gaban yarinyar da na raina, na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi don Allah, ba kyau. Aka kawo tuwo da miyar kifi, na wanke hannu na cinye tas, har na nemi ƙari.

Kwana talatin da ɗaya na yi a gidan. Ni ke haɗa wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka safe da yamma, ni ke dama kunun kanwa. Da asuba tsohuwar tana shimfiɗa tabarmarta ta yi salla, ni kuma in zagaya wajen itace da littafina, babu wadda ta taɓa damun wata. Mijin Auta mutum ne mai kunya, kullum sai ya rusuna ya gaishe ni, na nemi abin da zan ƙi shi da shi ban samu ba. Auta ba ta dawo majami'a ba, har yau Musulma ce. Ban ɓoye mata abin da nake fata ba, ita ma ta sani, kuma kowace safiya har yanzu ina ambatonta. Amma na daina ba Allah shawara. Na san wanda na bar wa maganar, hankalina kuma a kwance yake.

Wata yamma, kwanaki kaɗan da zuwana, muna bayan ɗaki, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ina tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi ina fyaɗa mata a baya. Da yake ba ta ganin fuskata, sai na sami ƙarfin tambayar abin da ke cina. Na ce, “Auta, yaya aka yi ranar suna?”

Ta ce an yi lafiya, mutane sun zo da yawa. Sannan ta ce, “Kin san a nan dangin mai jego gefe guda suke zama a ɗaki, kusa da ita. An shimfiɗa musu tabarma. Duk wadda ta shigo barka sai ta dubi tabarmar ta ce, ina danginki?”

Na ce, “Me kika ce musu?”

“Na ce suna hanya.”

Na ce, “Kin san zan zo ne?”

Ta ce, “Ban sani ba, Yaya. Na dai kasa cewa babu.”

Na tsaya da ganyen a hannu yana ɗiga, hawaye na zuba ban iya sharewa ba. Ta ɗan juyo ta ce ruwan zai huce. Na sake tsoma ganyen, na ci gaba da yi mata wanka.